Yadda Ake Gano Ciwon Injin Mota Daga Hayaƙin Salansa Da Yoyon Mai Ta Amfani Da Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Ƙofar Wambai ko na bakin Kasuwar Kurmi da yamma ya san warin hayaƙin salansa. Wata motar na fitar da baƙi, wata shuɗi, wata kuma fari kamar an jiƙa garwashi. Mafi yawan masu motocin ba sa damuwa, tunda dai mota na tashi kuma tana tafiya. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kowane launin hayaƙi yana nuna abin da ke ƙonewa a cikin inji, haka kuma kowane ɗigo da aka tarar a ƙarƙashin mota da safe yana nuna inda ɓarna ta soma.

Matsalar da roba ɗaya ko tiyo ɗaya za su magance yau, ita ce bayan wata biyu ke sa inji ya buga, mai mota ya nufi Kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani injin. Wannan darasi ya yi bayanin yadda matashi mai riƙe da wayar Android ko iPhone zai karanci waɗannan alamomi kafin ya je gareji, ko motar tasa ce, ko ta gida, ko ta ubangidansa.

Abin da ya kamata ya fito daga salansa

A cikin silinda abu biyu kaɗai ya kamata su ƙone: iska da fetur. Injin fetur na buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kowane kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Idan haɗin ya daidaita, da ƙyar ake ganin abin da ke fita daga salansa.

Akwai wasu ruwaye biyu da ke zagaya inji amma ba a yarda su shiga inda wuta ke ci ba. Na farko baƙin mai, wanda ke hana ƙarafa gogar juna. Na biyu ruwan lagireto, wanda ke kwashe zafi. Abubuwa uku ke tsare su: zobban fistin, robobin bawul, da gasket ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Da zarar ɗaya ya gaji, mai ko ruwa zai sulale ya shiga silinda, hayaƙi kuma ya canza launi.

Farin hayaƙi

Ba kowane fari ne ciwo ba. Da asubar hunturu, a watan Disamba da Janairu, mota kan fitar da siririn tururi idan an tashe ta, har salansa ta ɗiga ruwa. Ƙonewar fetur da kanta tana haifar da tururin ruwa, sanyin safiya ne kawai ke bayyana shi. Bayan mintoci kaɗan sai ya ɓace.

Wanda ake tsoro shi ne fari mai kauri, wanda ba ya tsayawa ko inji ya yi zafi, mai ɗan wari zaƙi-zaƙi idan akwai sinadarin sanyaya inji a lagireto. Wannan ruwa ne ke shiga silinda, galibi saboda gasket ya ƙone, ko kan inji ya lanƙwashe ko ya tsage bayan obahitin. Sauran alamomin da ke raka shi:

- Ruwan lagireto na raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa.
- Idan an buɗe murfin lagireto inji na sanyi, aka tada mota, kumfa na ta tasowa ba tsayawa.
- Tiyon lagireto na sama na yin tauri jim kaɗan bayan an tada mota.
- Baƙin mai ya koma launin shayi mai madara.
- Mota na karkarwa da safe, fulogi ɗaya kuma ya fi sauran tsabta kamar an wanke shi.

Motar da ta haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan bai kamata a ci gaba da hawanta ba. Man da ya gauraya da ruwa ba ya kare ƙarfe. A motar dizal kuma farin hayaƙi mai yaji a ido yakan zama man da bai ƙone ba ne, saboda nozul ko saitin famfon mai.

Shuɗin hayaƙi

Shuɗi ko toka-toka mai warin ƙonannen mai yana nufin baƙin mai na shiga silinda. Wanda ya san hayaƙin ƙaramin janaretan nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai ya san wannan launi. A janaretan haka aka ƙera shi. A mota, ko a adaidaita sahu irin Bajaj RE da TVS King da ake zuba wa baƙin mai daban, alamar ciwo ce.

Lokacin da hayaƙin ke fitowa shi ke nuna tushen matsalar:

- Idan yana fitowa da zarar an tada mota bayan ta kwana, sannan ya ɗauke, zargi na kan robobin bawul. Mai ne ya ɗiɗɗiga cikin dare.
- Idan yana fitowa bayan mota ta daɗe tsaye a cunkoso tana aiki, sai a ga gajimare ɗaya lokacin da aka taka totur, nan ma robobin bawul ne suka fi kusa.
- Idan yana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur ko aka ɗauki kaya, zobban fistin ne suka cinye ko suka maƙale, ko jikin silinda ya goge.
- Idan motar mai turbo ce, ana duba turbon da tiyoyinsa ko akwai mai a ciki.

Kafin a yarda a kwance inji, akwai abu biyu masu araha da za a fara dubawa. Na ɗaya, ko an cika baƙin mai ya wuce alamar sama lokacin juye. Na biyu, ɗan ƙaramin bawul ɗin numfashin inji mai suna PCV. Idan ya toshe, iska na taruwa a cikin inji ta tura mai waje ta robobi. Idan ya saki, inji na zuƙar mai ta cikinsa.

Wasu injinan an san su da shan mai. Misali injin 2AZ-FE mai lita 2.4 da ke cikin Toyota Camry ta 2007 zuwa 2009, wadda ake kira Muscle a Najeriya. Kamfanin Toyota da kansa ya amince da matsalar zobban fistin a wasu daga cikinsu a Amurka, ma'aunin da ya sa kuma shi ne shan kusan lita 1 a tafiyar mil 1,200, wato kimanin kilomita 1,900. Wannan ya yi daidai da zuwa Kaduna daga Kano da dawowa sau huɗu. Mai shirin sayen irin wannan mota 'yar Kwatano ya kamata ya san da haka.

Dabarar da aka saba ita ce a zuba mai mai kauri, kamar 20W-50, a injin da aka rubuta masa 5W-30, don hayaƙi ya ragu. Hayaƙin kan ragu, amma ciwon na nan, kuma mai mai kauri na jinkirin isa ƙananan hanyoyin injinan zamani lokacin tashi.

Baƙin hayaƙi

Baƙi na nufin fetur ya yi wa iska yawa. Wannan ba ya kashe inji nan take, amma yana cin aljihu kullum. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Motar da ke fitar da baƙin hayaƙi kuɗi take ƙonawa.

A Kano abin da ya fi jawo shi shi ne ƙura. Iya-kilina na toshewa da sauri a lokacin hunturu, ƙurar kuma na ɓata sansar da ke auna iskar da ke shiga inji. Sauran dalilai sun haɗa da injekta mai ɗiga, sansar iskar oksijin da ke jikin salansa, sansar zafin ruwa da ke gaya wa kwamfutar mota cewa inji na sanyi alhali ya yi zafi, da kafireto mara saiti a tsofaffin motoci. Fulogi kan yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Idan aka bar shi, rarar fetur na wanke man da ke jikin silinda, tana tsinka baƙin mai, tana kuma ƙona matatar hayaƙin nan da bakanikai ke kira indomi. Ingancin fetur ma na da tasiri. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC ya tabbatar da cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, aka janye shi daga kasuwa. Idan mota ta canza hali daga shan mai a wani wuri, musamman wajen 'yan bumburutu, a fara zargin man.

Gwajin kwali: gane abin da ke ɗiga

A samu faffaɗan kwali mai haske a shimfiɗa a ƙarƙashin mota da dare. Da safe a yi masa alamar gaba da baya, a ɗauki hotonsa, sannan a duba launi da wurin ɗigon.

- Baƙi ko ruwan zuma mai santsi, a ƙarƙashin inji: baƙin mai. A duba ƙusar juye, matatar mai, robar murfin saman inji da kaskon mai.
- Kore, ja, ruwan hoda ko ruwan lemo mai tsinkewa: ruwan lagireto. Idan ruwan rijiya ake zubawa, zai fito da launin tsatsa.
- Ja ko ja mai duhu, mai santsi, wajen tsakiyar mota ko gefen inji: man giyar otomatik. Motoci da dama irin wannan man suke amfani da shi a sitiyari.
- Mai kauri mai wari mai ƙarfi: man giyar hannu ko na akwatin ƙafafun baya.
- Fari-fari ko ruwan ɗorawa mai santsi, kusa da taya ko ƙarƙashin wajen direba: man birki.
- Ruwa garau mara wari, ta ɓangaren fasinja, bayan an kunna AC: wannan lafiya ne.
- Warin fetur: a kashe mota, kada a kunna ashana ko sigari kusa, sai an gano inda yake fita.

Man birki kan ɗan sauka a hankali yayin da takalman birki ke cinyewa. Amma idan ya sauka da sauri, ko birki ya yi laushi yana nutsewa, motar ba ta hawa titi sai an gyara. A lungunan cikin gari, inda yara ke fitowa daga zaure da gudu, wannan ba abin wasa ba ne. A kuma zuba irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4.

Idan ruwa na ƙarewa amma babu ɗigo

Kafin a ɗora laifi kan gasket, akwai wurare uku. Murfin lagireto na riƙe matsin kusan ba 1, wanda ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai riƙa tafasa yana ficewa a matsayin tururi, musamman a zafin Afrilu da ke kai digiri 40. Na biyu, ƙaramin yoyo a tiyo ko famfon ruwa kan bushe a jikin inji mai zafi, sai dai ya bar farin tabo ko na launin sinadarin. Fitilar waya na nuna shi. Na uku, ɗan lagireton hita da ke bayan dashbod: idan ya huje, kafet ɗin gaba na jiƙewa.

Titunan cikin ganuwa an shata su tun kafin zuwan mota. Tafiya daga Mandawari zuwa Kurmi gajeriya ce, amma rabinta a tsaye ake yinta. Mota a tsaye ba ta samun iskar gaba, fanka kaɗai ke sanyaya lagireto. Idan allurar zafi na hawa a cunkoso tana sauka a buɗaɗɗen titi, a fara duba fanka da fis ɗinta.

Cire tamostat, wanda aka saba yi da sunan wai na ƙasashen sanyi ne, ba ya maganin obahitin. Yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta ƙara fetur, a koma ga baƙin hayaƙi. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma na barin gishiri da tsatsa da ke toshe lagireto. Abin da ya dace shi ne sinadarin sanyaya inji, wanda aka riga aka haɗa ko a gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa.

Da damina, idan mota ta ratsa ruwa mai zurfi ta mutu, kada a sake murza makulli. Ruwa ba ya matsuwa, idan ya shiga silinda yana lanƙwasa sandar fistin. A duba iya-kilina tukuna ko ya jiƙe.

Aikin wayar hannu

*Bidiyo.* Hayaƙin safe ba ya jiran a isa gareji. Wani ya tada mota, wani ya tsaya a gefe ya ɗauki bakin salansa na minti ɗaya. A sake ɗauka bayan inji ya yi zafi ana taka totur. A sa bango mai duhu a baya, kuma kada a fuskanci rana, domin haske na sa shuɗi ya yi kama da fari.

*Lissafin mai.* A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a kashe ta, a jira kamar minti 10. A zaro sandar auna mai, a goge, a mayar, a sake zarowa, a ɗauki hotonta tare da hoton kilomitar dashbod. A maimaita duk mako. A motoci da yawa tazarar alamar ƙasa da ta sama kimanin lita 1 ce. Idan mai ya sauka rabin tazarar a kilomita 500, injin na shan lita 1 a kilomita 1,000, wannan kuma ya isa a bincika.

*Na'urar OBD2.* Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da na fetur a Tarayyar Turai tun 2001, da na dizal tun 2004, duk suna da wata kafa mai ƙofofi 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Ana soka mata 'yar na'ura irin ELM327 da ke haɗuwa da waya. Ga matakan:

1. A soka na'urar mota na kashe, sannan a murza makulli fitilun dashbod su kama.
2. A haɗa ta da waya ta Bluetooth. Masu iPhone su nemi mai Wi-Fi ko Bluetooth LE, domin tsohon samfurin Bluetooth ba ya aiki da ita.
3. A buɗe manhaja kamar Car Scanner ko Torque, a karanta lambobin matsala, a ɗauki hotonsu.
4. A tada mota a kalli zafin ruwa. Yawancin injina na aiki tsakanin digiri 85 da 105.
5. A kalli gyaran da kwamfuta ke yi wa fetur, wanda ke bayyana da sunan STFT da LTFT. Idan ya daɗe ƙasa da -10%, fetur ya yi yawa. Idan sama da +10%, iska ce ta yi yawa ko fetur ya gaza.
6. A cire na'urar bayan an gama, domin kafar na da wuta ko mota na kashe, tana iya shanye batir.

Lambobin da suka shafi wannan darasi: P0172 fetur ya yi yawa, P0171 fetur ya yi kaɗan, P0300 wuta na tsallake a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304 kuma na nuna lambar silindar, P0217 inji ya yi zafi fiye da kima, P0128 inji ba ya kai zafin aikinsa, P0420 indomi ba ta aiki yadda ya kamata.

Lamba na nuna inda za a duba ne, ba ta cewa a sayi kaya. P0301 tare da raguwar ruwa da farin hayaƙi na nuni ga gasket kusa da silinda ta ɗaya. P0301 ita kaɗai na iya zama fulogi ko kwayil. Goge lamba ba gyara ba ne, kuma yana share shaidar da bakanike ke buƙata. Na'urar ba ta ganin yoyo, ba ta ganin zobban fistin.

Kiyaye lafiya

Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, ruwan na fesowa ya ƙona fuska da hannu. Ba a barin mota na aiki a rufaffen gareji ko soro, domin hayaƙi na ɗauke da iskar carbon monoxide mara launi mara wari, irin wadda ke kashe mutane a ɗakin da aka kwana da janareta. Sinadarin lagireto guba ne mai zaƙi, a nisanta shi daga yara da awaki da kaji. Ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Idan fitilar mai mai kama da buta ta kama ja ana tafiya, a tsaya a kashe inji nan take.

A wajen bakanike

Mai mota ya je da bidiyon hayaƙi, hoton kwali, lissafin mai da lambobin da waya ta nuna. Idan oga ya ce sai an sauke inji ko an buɗe kansa, ba rashin ladabi ba ne a roƙe shi ya fara da gwaji. Akwai gwajin matsin silinda: idan silinda ɗaya ta gaza, aka zuba mata ɗan mai matsin ya tashi, zobba ne, idan bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Akwai gwajin matsin lagireto da ke fito da ɓoyayyen yoyo. Akwai kuma ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa ruwan ɗorawa idan hayaƙin injin fetur na shiga cikin ruwa.

Idan ta tabbata gasket ne, a tabbatar an auna kan inji ko ya lanƙwashe, an kuma gano abin da ya jawo obahitin tun farko, ko fanka, ko famfon ruwa, ko toshewar lagireto. In ba haka ba sabon gasket ɗin ma ƙonewa zai yi. Wanda zai shiga Ƙofar Ruwa sayen kaya ya tafi da tsohon da aka cire, da hoton lambar inji da lambar VIN mai haruffa da lambobi 17 a wayarsa, ya kuma yi magana da mai shago kan sharaɗin canji kafin ya biya.